"Bari babanka ya dawo": me ya sa dukan Juma'a ba ya gyara laifin Litinin?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku: babbar tana da shekara 11, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 6, sai auta mai 3. Maigidana yana aiki a Abuja, sai bayan mako biyu yake zuwa gida, ya iso Juma'a da yamma ya koma Lahadi. Tun farko ya ce kada in riƙa hukunta yara, in tara masa duk abin da suka yi, in ya zo shi zai yi. Namijin nan ne ya fi ƙarfina. In na aike shi sai ya cinye canjin, ga cin zalin ƙanwarsa, kuma ba sau ɗaya ba an kamo shi a kududdufin bayan unguwarmu yana wanka da sa'anninsa. Ba abin da nake iya cewa sai "bari babanka ya dawo". In ya dawo na zayyana masa, sai ya zare bel ya zane shi, wani lokaci har jiki ya tashi. Amma ranar Litinin sai ka ce ba shi aka daka ba. Yanzu ya koyi ƙarya, yana rantsuwa a kan abin da na gani da idona. Da ya ji sallamar babansa sai ya faɗa ɗakin kakarsa, ita kuma ta ce ba mai taɓa mata miji. A 'yan watannin nan ya koma fitsarin kwance, musamman in zuwan babansa ya matso. Maigidana ya ce ni na sangarta shi, surukata ta ce ni nake haɗa ɗa da uba. Na rasa inda zan sa kaina.

Uwar yara uku, Zariya

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da ya fara tsaya min a rai a wasiƙarki shi ne yadda aka sa ki a tsakiya. An karɓe hukunci daga hannunki, sannan aka dawo ana tuhumarki da sangarta yaro. An ce ki riƙa kawo rahoto, da kika kawo aka ce kina haɗa ɗa da uba. Duk wadda aka ɗora wa wannan tsari haka za ta tsinci kanta, don haka ki sassauta wa zuciyarki. Yaron ma ba gagararre ba ne. Cin canjin aike, tsokanar ƙanwa, bin sa'anni zuwa ruwa, kusan duk gidan da ke da ɗan shekara 6 an san su. Abin da ya lalace a gidanku shi ne tazarar da ke tsakanin laifi da hukuncinsa, kuma wannan yana gyaruwa.

Ki ɗan tsaya inda yaron yake tsaye ki duba. Ranar Litinin kin aike shi sayen manja, ya rage naira 100 ya sayi awara. Daɗin ya same shi nan take, a bakinsa. Zafin kuwa sai Juma'a ta sama, bayan kwana 11, lokacin da shi kansa ya manta da awarar. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tana ɗaure zafi ne da abin da ya zo dab da shi. To me ke zuwa dab da bel ɗin nan? Sallamar babansa a ƙofar gida, muryarki kina lissafi, sai tambayar "kai ka yi ko ba kai ba?" da amsar da ya bayar. Su ya koyi tsoro, kuma ya haddace karatun sarai: yana gudun sallamar, yana yi miki kallon mai kai ƙara, ya kuma gane cewa "e, ni ne" ita ce magana ta ƙarshe kafin duka, sai ya daina faɗinta. Canjin aike kuwa yana nan da daɗinsa, ba abin da ya taɓa shi. Yaron da ya ɗora hannu a murfin tukunya tana kan wuta ba ya komawa, alhali ba wanda ya yi masa wa'azi, domin hannu na sauka zafi na zuwa, kuma kullum haka ne, ko uwa tana wurin ko ba ta nan.

Akwai kuma lissafin da yaro yake yi ba tare da ya iya faɗinsa ba. Laifi ɗaya ya yi a mako biyun nan, bel ne. Goma ya yi, bel ne. Da zarar kin ce "bari babanka ya dawo" ranar Litinin, duka ya riga ya hau kansa, to me zai hana ya je kududdufi ranar Talata? Ba shi da sauran abin da zai yi asara. Kuma a kunnensa wannan magana tana nufin yau dai ba abin da zai faru, kuma ke ba ki da ikon komai.

Masu nazarin halayyar yara sun daɗe da gwada wannan. A 1965 wasu masu bincike biyu a Amurka, Justin Aronfreed da Arthur Reber, suka riƙa ajiye wa yara maza 'yan firamare kayan wasa biyu-biyu, ɗaya mai jan hankali, ɗaya ba shi da wani armashi. Duk wanda ya nufi mai kyan sai a ce masa a'a. Wasu ana tsayar da su tun hannu yana kan hanya, wasu kuma sai sun ɗauka sun riƙe na 'yan daƙiƙoƙi. Daga baya aka bar kowane yaro shi kaɗai a ɗaki da wani abin wasa mai jan hankali. Waɗanda aka tsayar tun suna miƙa hannu sun fi daurewa sosai, yawancin waɗanda aka bari suka riƙe tukuna kuwa sun koma sun ɗauka. Bambancin 'yan daƙiƙoƙi ne ya jawo haka, a gidanki kuma mako biyu ake magana. Ki lura kuma hukuncin da aka yi wa yaran nan magana ce ta baki, ba wanda aka taɓa lafiyarsa.

A 1969 wani masanin, Ross Parke, ya ƙara abu ɗaya a irin wannan gwaji: wasu yaran aka riƙa gaya musu dalilin hanin. Sai ya tarar in akwai dalili, tsawatarwar da ta makara tana yin aiki kamar wadda ta zo da wuri. Wannan ya fi komai amfani gare ki, domin ba kullum za ki kama shi hannu a kan hanya ba. Bayani shi ke ɗinke laifi da hukunci in lokaci ya raba su. Sai dai jinkirin da aka gwada gajere ne ƙwarai, kada mu ɗora masa kayan mako biyu.

Mu ma muna da misalinmu da ya riga waɗannan da ƙarnoni. Hasan, jikan Manzon Allah (SAW), yana ƙarami ya ɗauki dabino cikin na sadaka ya sa a baki. Nan take Annabi ya ce masa "kikh, kikh" don ya tofar, ya kuma gaya masa cewa su ba sa cin sadaka. Umar ɗan Abu Salama ma, da hannunsa ke yawo a cikin akushi, a kan abincin aka ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa, kuma shi da bakinsa ya ce daga ranar haka cinsa ya kasance. Buhari da Muslim duk sun kawo hadisan biyu. Gyara a wurin, cikin gajeriyar magana, ba a ce a jira wani ya dawo ba.

Kada dai ki ɗauka ina cewa ki karɓi bel ɗin ki riƙa yi da wuri. Sauri daban, fushi daban. Abin da ake yi nan take shi ne tsayar da aikin: ki riƙe hannun da ya ɗaga zai mari ƙanwarsa, ki karɓe abin da ya ɗauka. Hukuncin kuwa in kin ji jininki na tafasa, ki ce masa "zauna nan, ina zuwa", ki je ki yi alwala ki dawo. Alƙali ma an hana shi yanke hukunci yana cikin fushi, balle uwa da ta wuni a tsaye. Minti 10 ba zai ɓata komai ba. Ƙa'idar ɗan shekara 6 ita ce kada laifi ya kwana.

Dukan kansa, a ganina, lokacin ajiye shi ya yi. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekara 50 da ya ƙunshi yara fiye da 160,000, ba su ga shaidar cewa duka yana gyara hali ba, sai ma suka ga yana tafiya tare da ƙarin taurin kai da faɗa. Batun ƙarya kuwa a nan yankinmu aka gwada shi. Victoria Talwar da Kang Lee sun buga sakamakon wani bincike a 2011 kan yara 'yan shekara 3 zuwa 4 a makarantu biyu na wata ƙasa a Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. Aka ce kada su leƙa wani abin wasa, aka fita. Yawancinsu sun leƙa a makarantun biyu, yaro yaro ne. Amma da aka tambaye su, 'yan makarantar duka sun fi yin ƙarya, sun kuma fi iya kare ta. Ibn Khaldun ya faɗi makamancin haka tun ƙarni na 14, cewa tsananta wa yaro yana koya masa ƙarya da yaudara. Rantsuwar da ɗanki ke yi garkuwa ce ya samu.

To yaya za ki yi daga gobe? Kada ki ce za ki gyara komai lokaci ɗaya. Ki ɗauki ukun nan da kika lissafa, ki kau da kai daga ƙananan abubuwa irin su zubar da ruwa da ɓata riga. Kududdufin ne kan gaba, domin shi ne mai iya cin rai. Shi ba a jira a kamo yaro jiƙe sannan a yi magana. Kin san lokacin da yake sulalewa, galibi bayan la'asar in an taso daga Islamiyya, kin kuma san yaran da ke zuwa kiransa. Nan ne hannu yake kan hanya. Da kin ga yana laluben takalmi, ki kira sunansa, ki durƙusa daidai tsayinsa ki tambaye shi ina zuwa. Ki gaya masa iyakar inda zai yi wasa, ki ba shi dalili a jimla ɗaya: ruwan yana da rami, yaro yana nutsewa kafin a ji ihunsa. In ya karya, gobe ba fita, ƙwallo a tsakar gida. Kwana ɗaya kawai, amma kwana ɗayan ya tabbata, ko ya yi birgima ko kaka ta sa baki. Ki kuma yi magana da iyayen abokan nasa, don ba ɗanki kaɗai ke cikin hatsarin ba.

Canjin aike ya fi sauƙi. Kafin ya fita ki ƙirga kuɗin a tafin hannunsa ki ce manja kaza ne, canji kaza ne. Yana dawowa ki karɓa a ƙofa ku ƙirga tare. In ya cika, ki yaba masa a wurin, wani lokaci ma ki ce ga naira 50 taka ce, saboda ka kawo daidai. Yabo ma yana da lokacinsa, in ya kwana ya huce. In bai cika ba, kada ki tambaye shi "ka ci kuɗin?" alhali kin sani, tarko ne kike ɗana masa ya faɗa ƙarya. Ki ce "saura naira 100, me ka saya?" Sannan a cire ta daga kuɗin tara na makaranta gobe, ya ga an cire. Ranar da ya faɗi gaskiya da kansa, ki rage hukuncin ki gaya masa gaskiyar ce ta rage shi. In ya daki ƙanwarsa, ki fara rarrashin wadda aka daka, shi kuma ya zauna a tabarma kusa da ke ba wasa ba magana. Likitocin yara kan ce minti ɗaya ga kowace shekara, nasa minti 6 ke nan. In ya cika, ya ba ta haƙuri, magana ta mutu.

Wani lokaci sai dare labari zai iso miki daga maƙwabciya, ko washegari daga malaminsa. A nan sai ki dawo masa da abin gabansa kafin ki yanke komai. Ki zaunar da shi ki ce ya ba ki labarin tun daga farko: da wa kuka tafi, me ka fara yi, sai me ya faru. In a cikin gida ne, ku je wurin da abin ya auku. Sai laifin ya dawo masa sabo a ka, sannan ki faɗi dalili da hukunci. Babbar yarinyar ba ta buƙatar wannan sosai, 'yar shekara 11 tana iya riƙe "za mu yi magana da daddare", har jiran ma ya sa ta yi tunani. Ki dai kula kada ta zama 'yar leƙen asirinki a kan ƙaninta.

Yanzu maigida. Ban ɗauke shi mugu ba. Mutum ne da ke kwana 12 cikin 14 nesa da 'ya'yansa, ya kwaso gajiyar hanyar Abuja, bai ko cire takalmi ba an tare shi da jerin laifuka. Mai yiwuwa a ransa bel ɗin nan shi ne rabonsa na tarbiyya, abin da ke nuna yana nan duk da ba ya nan. In kika ce masa ya daina kawai, zai ji kamar an tuɓe shi daga uba. Don haka kada ki tayar da maganar ranar Juma'a, kada kuma a gaban mahaifiyarsa. Ki bari sai daren Asabar ya ci ya huta, ki fara da abin da shi ma ya gani: "Baban yara, ka lura in ka yi sallama yaron nan gudu yake yi? Abin yana damuna, ina so ya riƙa rugowa tarbarka." Sannan ki nemi izininsa a fili: ƙananan laifuka ki hukunta su a ranar, da sunansa da yawunsa, ki sanar da shi a waya da daddare. Ku gwada na wata biyu ku gani. In ya kawo hujjar addini, ki tuna masa cikin ladabi cewa a kan salla ma, wadda ta fi komai, hadisin Abu Dawud shekara 10 ya ambata, bayan shekara 3 ana koyarwa, kuma malaman da suka yarda da duka sun shardanta kada ya bar tabo. Naku shekararsa 6, jikinsa kuma yana tashi.

Ki ba shi aikin da ya fi bel nauyi. Wayar nan ta dare ita ce ke rufe tazarar: minti biyu, ya ce "Mamanka ta gaya min ka je ruwa, hukuncin da ta yi maka ni na sa ta, gobe zan tambaya." Ba barazanar Juma'a a ciki. Ranar da ya kawo canji daidai ma a kira a faɗa, ya ji muryar babansa tana sa masa albarka. In Juma'a ta zo, daren farko ba rahoto, a raba tsaraba da shi a ciki ko me ya yi. Laifin da aka riga aka hukunta ba a tono shi. In akwai babbar magana, uban ya ja shi zuwa wurin aski ko masallaci da safiyar Asabar su yi ta a hanya su biyu.

In ya ƙi sauraro, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa, ki kai maganar a matsayin neman shawara kan yaro, kada ta zama ƙarar miji. Kafin nan kuma akwai abin da ke hannunki: abin da kika riga kika magance ranar Litinin ba ya cikin lissafin Juma'a, in ya tambaya ki ce ya yi kaza, na yi masa kaza, ya wuce. Amma in duka ya kai ga fasa jiki, ko kai da fuska, ko aka koma wayar wuta, wannan ya fita daga tarbiyya. Ki shiga tsakani, ki kai yaron asibiti, ki sanar da manyanku da nasa, in ta kama har ofishin walwalar jama'a.

Kakar kuwa kada ki yi faɗa da ita. Wasan jika da kaka tsohon abu ne, kuma a halin da ake ciki ɗakinta ne kaɗai inda yaron ke samun mafaka. Abin da take gani gaskiya ne, hanyarta ce ke warware miki aiki. Ki same ta ku biyu ki ce, "Hajiya, nima ba na son dukan nan, ki taimake ni. In na ce mijinki ba zai fita yau ba, ki bari ya tabbata, in ya gama sai ki rarrashe shi." Tsohuwar da aka nemi taimakonta kan zama mai tsaron dokar da kanta, kuma maganarta a kunnen ɗanta ta fi taki nauyi.

Fitsarin kwancen kada a hukunta shi ko kaɗan, kada a yi masa tsiya a gaban 'yan'uwansa. Yaron da ya daina ya dawo yana yi, sau da yawa tsoro ne, kuma lokacin da kika ce yana ƙaruwa ya nuna hakan. Duk da haka ki kai shi a gwada fitsarinsa, domin ciwon mafitsara ma yana kawo shi, kuma yaron da ke wanka a kududdufi yana iya kwasar tsargiya. Ki duba ko akwai jini a ƙarshen fitsarinsa, ki gaya wa likita yana shiga ruwan. Maganinta ƙwaya ce da ake kira praziquantel, ana bayarwa gwargwadon nauyi ko tsayin yaro, don haka kada ki saya a kemis da ka.

Ki sa ran makon farko zai fi wuya. Yaron da ya saba maganarki ba ta da haƙori zai gwada ki ya ga ko da gaske kike, zai ƙara ɓarna kafin ya rage. Kada wannan ya sa ki koma wa "bari babanka ya dawo". Bayan zuwan maigida biyu ko uku ki sake rubuto min yadda kuka yi da shi da Hajiya, da abin da gwajin fitsarin ya nuna. Allah Ya shirya mana zuri'a.